Filin da Kyaftin Ya Ƙi Nomawa

Ƙamshin ɗanyar ciyawa da aka sara da safe, shi ne abin da ya fi zauna mini daga ranar. Shekara tara ke nan da aka shigo da Baba daga gona, rigarsa duk ɓurɓushin ciyawa, addarsa a hannun maƙwabcinsa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ni ce auta, shekarata goma sha shida a lokacin.

Mutanen Iku, unguwarmu a Suleja, Kyaftin suke ce masa. A ƙuruciyarsa ya tuƙa ƙananan jiragen feshi, waɗanda ake bin fara da tsuntsayen jan-baki da su a gonakin arewa. Tun ba a haife ni ba ya ajiye aikin, ya dawo Suleja ya kama fartanya. Ban taɓa ganin sa a cikin jirgi ba. Wanda na sani manomin doya da dawa ne, mai ɗaga kai ya dubi gajimare ya ce wa Inna ta kwashe shanya, kafin ta gama kuwa an fara yayyafi. Idan zai kai ni makaranta, sai ya zagaya babur ɗinsa sau ɗaya, ya taɓa taya, ya ja birki, sannan ya ce in hau.

A tsakiyar gonarsa akwai wani fili, dogo, siriri, miƙaƙƙe daga gindin tudu har bakin rafi. Bai taɓa sa masa garma ba. Ya dasa jema a gefe da gefe, ya bar ciyawa a tsakiya, yana sare ta kada ta yi tsawo. Gari duka ya gama yanke hukunci: filin saukar jirgi ne. Samari sukan tsokane shi, “Kyaftin, yau dai zai sauka?” Shi kuwa ya ce, “In ya sauka ku ne ’yan dako.”

A gida ba wanda ya taɓa tambayar sa. Inna ce ta hana. “Ku ƙyale shi,” take cewa, “kowa da mikinsa.” Muka ɗauka kewar sama ce take cin sa, muka rufe baki don kara. Ni kam har waƙoƙi na cika littafi da su, ina kamanta shi da shaho da aka fige wa fiffike. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Mu tausayi ne ya ɓatar da mu, kuma wannan ne takaicin da har yau bai sake ni ba.

Da aka zauna rabon gado, Yaya Sani, babbanmu, ya ce ma'aikatan Abuja na neman ɗakunan haya ido rufe, ga kuma wurin da bai taɓa ba mu ko kwano ɗaya na dawa ba. Na miƙe da hawayena na ce a bar shi, mafarkin Baba ne. Ya dube ni da sanyin murya ya ce, “Auta, ba a tuƙa tuwo da mafarki.” Kowa ya gyaɗa kai. Da bakina na miƙa musu hujja, tunda ban kawo komai ba sai waƙa. Aka sayar da rabin da ke sama, aka tuge jema, aka jera bulo.

Da Baba zai leƙo yau, ban san ko zai gane gonarsa ba. Inda yake tafiya da adda yanzu ɗakuna ne a jere da shagon cajin waya. Damina uku ke nan ruwa na gangarowa daga tudu, ya daki bangon ɗakunan, ya karkata, ya shigo gidanmu. Gadon Inna a kan bulo yake tsaye. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, amma da hadari ya haɗu sai ta fara ɗora kayanta a kan kujeru. Wata malamar firamare ’yar Binuwai da ke haya a wurin, ita da ’ya’yanta da bokitai suke tarbar Agusta. Yayyena sun ce laifin magudanan ruwa ne, sun ce zamani ne ya canza. Yanzu kuma an sami mai sayen rabin da ya saura, bayan kaka za a kammala magana. Wannan rabin ne kaɗai ke kwashe sauran ruwan zuwa rafi. In ya tafi, ban ga inda Inna za ta kwana ba.

Ban rubuta wannan don in kunyata kowa ba. Na faɗa a zaure, an ce auta ta sake tashi da waƙoƙinta. Wataƙila abin da aka ƙi ji a bakina a yarda da shi a takarda. Sunan Baba yana nan, har mai shagon caji ya rubuta “Layin Kyaftin” a bangonsa. Amma me suna zai tare? An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle babban da ya hau jirgi.

A daminar bara na je gaida Baba Danladi, dattijon Gwarin da gonarsa ke jikin tamu, wanda ya rako Baba gida a ranar. Na ba shi labarin filin jirgi. Ya yi dariya har da tari. “’Yata, wane jirgi? A gangaren nan ko shirwa sai ta yi shawara.” Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon hoto da Baba ya ba shi, don ya san inda ba zai tada kunyar shuka ba. Daga sama aka ɗauke shi, washegarin wani babban ruwa. Ga Iku can ƙasa, ga ruwa ya yi farin layi ya ratsa gonar, daidai inda filin yake. A gefen layin, Baba ya zagaye rufin gida ɗaya da biro. Gidanmu ne.