Mabuɗin Nafeesa

Malam Mato ya zo Abuja shekarar da soja suka koma bariki, da jaka guda da takardar shaidar buga tafireta. Da ma'aikatarsu ta sayo kwamfuta, kowa ya ja baya, shi ya zauna gabanta yana latse-latse har ta saba da shi. Shekara goma sha biyu sai ga shi da mota da tumbi, masinjoji na ce masa Oga Injiniya. Bai taɓa cewa su daina ba.

'Yarsa Nafeesa ce mai karatun kwamfuta na gaske a jami'a. Ita ta ba shi labari wani kamfani yana ba ɗalibai kayan haɗa manhaja kyauta, irin na ƙwararru, mabuɗi ɗaya, wato lambar sirrin buɗe kayan, ga kowane ɗalibi. Washegari ya karɓi katinta na makaranta, wai zai yi hotonsa ya adana. Ya yi rajista da sunanta, ya ɗauke mabuɗin, ya haɗa wa ofis tsarin neman fayil. Darakta ya yaba masa a gaban taro. Ai gida ɗaya ne, in ji zuciyarsa.

Da aikin kammala karatu ya zo, Nafeesa ta nemi mabuɗinta, aka ce an riga an karɓa. Malamarsu, Dokta Alice, ta tsayar da ita a gaban aji ta ce ai sayar da shi ta yi wa masu shagon kwamfuta, ba za ta duba aikinta ba. Yarinyar ta dawo ido jawur.

"Baba, kai ka san harkar nan. Ka je ka faɗa mata ban sayar ba."

Ya sa babbar riga ya tafi, yana ta shirya Turanci a hanya. A ofishin malamar ya fara zancen ɓarayin intanet. Nafeesa na gefe tana gyaɗa kai, ta yarda da shi ɗari bisa ɗari. Nan Turancin ya ƙare masa.

"Madam, ni ne. Ni na ɗauka."

Dokta Alice ta cire tabarau. "Oga, ni a gaban aji na kunyata ta, can zan ba ta haƙuri. Za ka zo, ko in faɗa musu da kaina?"

Ya je ajin. Mutum mai furfura, a gaban yara sittin, muryarsa ba ta kai layi na uku ba sai da aka ce ya ƙara faɗa. Aka karɓi aikin Nafeesa. A mota ta zauna a baya, ta bar shi shi kaɗai a gaba.