Sunaye Goma na Malama Sai-na-gani

Duk makarantar ba mai kiranta da sunan yanka. Malama Sai-na-gani ake ce mata, don ko albishir ka kawo mata, sai ta leƙo ka ta saman tabarau ta ce, "To, sai na gani." Shekara ashirin da shida tana koyar da aji uku, a ɗakin nan na ƙarshe mai taga ɗaya da allon da ya tsage ta tsakiya. Mijinta tela ne, kullum yana tsokanarta wai ko ranar da ya ce yana sonta amsar da ya samu ke nan.

Kada ku ga laifinta, baiwar Allah ta ga abu. Ta ga shekarar da aka kawo sababbin bencina ana gobe masu duba makarantu za su zo, suna juya baya mota ta dawo ta kwashe. Manhaja ta canza sau biyar a gabanta, littattafan kuwa ko ƙyallinsu. Amma wanda ya tsaya mata a rai shi ne na shekara bakwai da suka wuce. An nemi sunayen yaran da ba su iya karatu ba, wai za a taimaka musu, ta rubuta da hannunta. Ranar jarrabawar gwaji sai aka ce su zauna a gida, kada su ja makaranta baya. Uku daga cikinsu ba su sake dawowa ba.

Shi ya sa ranar da hedimasta ya shigo da takarda daga ofishin ilimi, sai ta sha jinin jikinta.

"Malama, sunaye goma ake so, waɗanda karatu ya fi ba wuya. Sabon shiri ne."

"Shirin me, Yallaɓai?"

"Taimako, aka ce."

"Aka ce! Wa ya ce?"

"Haba Malama, ni ma aiko min aka yi. Ki cike kawai, gobe zan mayar."

Yana fita ta dubi 'yar mai faci, wata 'yar siririyar yarinya da ke ƙanƙance ido duk lokacin da ta kalli allo, ta ƙare da kwafa daga littafin ta kusa da ita. Sau biyu Malama tana zuwa rumfar uban tana roƙon kada ya cire ta daga makaranta, don ya ce zaman banza yarinyar take yi a aji. Wannan in aka ce ta zauna gida ko na yini ɗaya, ai shi ke nan.

Sai ta ɗauki biro ta jero sunayen yara goma da suka fi kowa iya karatu. "Su kore waɗannan mu gani, in sun isa," ta ce a ranta, har da ɗan murmushi. Da ta ba mijinta labari, ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "In kuma da gaske suke fa?"

"Kai dai yi ɗinkinka, Malam. Ni na san mutanen nan."

Bayan mako uku, ran Litinin da safe, farar mota ta tsaya a ƙofar makaranta. Malamai mata biyu suka fito da akwatunan littattafai, ga likitan ido a bayansu. Aka share ɗaki, aka kira sunaye goma, kowa da katinsa a buge. Wata uku za a yi ana koya musu karatu daga tushe, wanda ke da matsalar ido kuma a ba shi tabarau. Wayyo! Yaran da ke karanta jarida su ne aka zaunar ana nuna musu baƙaƙe.

Malama ta bi babbar cikin baƙin malaman har mota.

"'Yata, an yi kuskure a sunayen nan. Don Allah a canza."

"Wallahi Mama, sun riga sun shiga kwamfuta, ba ni da iko. Sai baɗi, in shirin ya ci gaba."

In ya ci gaba! Ita za a gaya wa?

Ta koma aji. 'Yar mai faci na tsaye a bakin taga, ta ƙanƙance ido tana hangen likitan yana gwada wa wani tabarau.

"Malama, mu yaushe za a duba namu?"

Kunya da baƙin ciki suka rufe Malama. Wancan karon da hannunta ta ba da sunayen, wannan karon kuma da hannunta ta hana.