Wa'adin Kwana Bakwai ga Maƙwabci

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin duba-gari, kuma har bayan ya ajiye aiki unguwa ba ta daina kiransa Duba-gari ba. Mutum ne mai gaskiya, wanda ko ruwan sha bai taɓa karɓa ba a gidan da ya shiga dubawa. Sai dai aikin ya bar masa ɗabi'ar da ba ta dace da zaman maƙwabtaka ba: a wurinsa kowace ƙazanta tana da mai ita, kuma mai ita yana da nufi.

Da gwiwoyin matarsa suka gaza hawa da saukar benensu, likita ya ce su nemi gidan ƙasa, in ba haka ba ta ƙare rayuwarta a sama. Sai ya sa gidan a kasuwa. Mutum uku dillali ya kawo. Kowannensu ya yaba ɗakunan, sannan ya leƙa ta tagar sama, ya tafi bai dawo ba. Abin da suke hangowa shi ne farfajiyar maƙwabcinsa makaniki: ciyawa har ƙugu, matattun motoci biyu, tayoyi cike da ruwan sama, ga kwata ta toshe tana wari.

Duba-gari ya zauna ya auna lamarin. Kafin ya kafa allon sayarwa ciyawar ba ta kai haka ba. Sau biyu ya ga dillali ya tsaya yana doguwar gaisuwa da makanikin. Kuma makanikin yana da ƙane mai neman gida. Saboda haka, a ganinsa, an haɗa baki ne a kori masu saye har ya gaji ya sakar wa ƙanen. Matarsa ta ce damina ce, ciyawa kuwa ba ta iya karatun allo ba. Ta ƙara da cewa tun bara ciwon baya ya kwantar da mutumin. Ya amsa mata cewa ciwo shi ne uzurin farko da ya riƙa ji a kowane gida.

Sai ya yi abin da ya sani. Ya rubuta takarda da kwanan wata, ya jera laifuffukan, ya ba da wa'adin kwana bakwai, ya sa hannu, ya tura ta ƙarƙashin ƙofa. Ya yi ta biyu, ya yi ta uku. Bayan ta ukun aka jawo wata matacciyar motar aka ƙara a kan biyun.

Ana nan wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta ga gidan, ya kwanta mata, ta ce ranar Asabar za ta dawo ta yanke shawara. Matarsa ta ce masa, “Malam, taku goma ne tsakaninka da makanikin nan. Ni ce ba ni da ƙafa, ba kai ba.”

Ya tashi ya je, ya tarar da makanikin kishingiɗe a tabarma, bayansa ɗaure da ƙyalle.

“Ranka ya daɗe, yau da kanka? Biron ne ya ƙare?”

Duba-gari ya faɗi abin da ke ransa ba tare da ɓoye komai ba. Makanikin ya yi dariya har ya dafe baya. Ya ce ƙanensa ya rantse ko kyauta aka ba shi gidan ba zai zauna kusa da wansa ba. Ya ce ranar da takardar farko ta iso, ya riga ya yi magana da masu yankan ciyawa, amma da ya ga kalmar wa'adi sai ya ce su yi zamansu.

“Shekara ashirin muna gaisawa, ka aiko mini takarda kamar mai gidan abinci. Mota ta ukun nan kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba, dominka na sa aka jawo ta.”

Duba-gari bai gaskata duka ba, musamman zancen ƙanen. Amma ya gane cewa muguntar da ya zarga ba ta samu ba sai da shi ya rubuta ta. Ya nemi izini, ya ɗauko adda da shebur, ya kwana biyu yana aiki a farfajiyar wani.

Ranar Asabar ma'aikaciyar jinyar ta zo da wuri tare da dillali, ta same shi tsaye cikin kwata. Ta dubi wurin da kyau, ta dube shi.

“Baba, in ka tashi, wa zai riƙa yin wannan?”

Dillali yana ta ƙifta masa ido. Duba-gari ya ce bai sani ba, kuma ba zai ɗauki alkawari da bakin wani ba. Ta yi masa godiya cikin ladabi, ta ce za ta duba wani wurin.

Da suka tafi ya ci gaba da haƙa, domin kwatar ba ta gama buɗewa ba. Makanikin ya lallaɓo ya zauna a bakin ƙofa, ya ce masa ya bar nan, toshewar tana can gaba kusa da kwana.