Jaridar da Yayana Ya Shimfiɗa

Yayana mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf. Kayan waya yake sayarwa a unguwar Nima, shekara-shekara yana zuwa Sin saro kaya. A tafiyarsa ta ƙarshe ya ce zai bi 'yan yawon buɗe ido su leƙa wata ƙasa, irin wadda ba a shiga sai da ɗan rakiya na gwamnati, ba a fita sai sun ga dama. Kwana huɗu kacal, in ji shi.

Ni na shirya masa jaka. Na ji an ce mutanen can ba sa son ganin kayan addini, sai na zare dardumarsa da carbinsa na ajiye, ban gaya masa ba. A ganina dabara na yi.

A unguwarmu, in masallaci ya cika ran Juma'a, sahu har kan titi yake kaiwa. Wanda bai zo da darduma ba sai ya nemi kwali ko tsohuwar jarida ya shimfiɗa. Haka muka taso. To a can la'asar ta same shi a otal ba darduma, ya ɗauki jaridar da aka ajiye a ɗakin. Hoton shugaban ƙasar ne a shafin gaba. Ba a sallah a kan hoton mutum, saboda haka ya kifa fuskar a ƙasa, ya hau ya tayar da kabbara. Mai shara ta shigo ta gani.

Wani ɗan unguwar Madina da suka tafi tare shi ya dawo mana da labarin. A filin jirgi aka janye Yaya daga layi, sauran aka ce su wuce.

Na sha zarya. A wani ofishin gwamnati, jami'i ya yi min bayani cikin ladabi cewa ba mu da jakada a can, sai dai a bi ta hannun wata ƙasa, ita ma sai an amsa mata. Kamfanin da ya kai su ya ce ai ya sa hannu a takardar gargaɗi. A unguwar Maamobi kuwa kowa ya zama alƙali. Wata mai sayar da koko ta tare ni ta ce, "Wa ya aike shi? Mutum na da shago, na da yara, shi tafi kallon gari." Na zage ta tas. Abin da ya fi ƙona min rai, ni ma na sha faɗin haka a zuciyata.

Bayan wata bakwai wani ya turo min bidiyo daga talabijin ɗin ƙasar. Ga Yaya cikin riga mai faɗi, an aske masa gemu, yana karanta takardar neman gafara. Da ya gama, ya tsaya gaban wani ƙaton hoto ya sunkuya har kansa ya kusa taɓa gwiwa. Mutumin da ko surukinsa bai taɓa rusuna wa haka ba.

Na so in ɓoye wa mahaifiyarmu, amma maƙwabta suka riga ni. Ta ce, "Kawo in gani."

Na ce, "Mma, ba abin kallo ba ne."

Ta miƙo hannu. Ta kalla har ƙarshe, ba ta ce komai game da sunkuyon ba. Cewa ta yi, "Yana da rai. Mayar min farko."

Shekara biyu ke nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba, kuma na daina sa rai. Ita kam kullum da safe sai ta kalla. Tsufa ya kama ta yanzu, ni nake riƙe mata wayar.