Tankunan da Aka Bari a Gonar Baba

Gonar mahaifina tana bakin kwalta, a kan hanyar Dutse zuwa Kiyawa. Kafin a ba mu jiha ba wanda ya damu da ita sai mu da muke cin geronta. Da Dutse ta zama babban birni, ma'aikata suka kwararo daga Kano, ni ma ina cikinsu, aka dawo da ni gida ina aikin akawu. Motoci suka yawaita, masu neman fili a bakin titi suka dinga sallama a ƙofar gidaje.

Namu baƙon wani Alhaji ne ɗan kasuwa daga Kano, mai fara'a da doguwar gaisuwa. Ya so Baba ya sayar masa da kusurwar gonar ya gina gidan mai. Baba ya ce gonar gado ce, ba ta sayarwa ba ce. Aka daidaita a kan hayar shekara goma, a gaban mai unguwa da liman. Ina nan ranar da aka kawo tankunan, guda biyu, kowanne ya fi ɗakin Inna tsawo. Aka haƙa ramuka aka zura su, aka mayar da ƙasa, aka shafe da siminti. Baba yana tsaye da fartanya a kafaɗa, ya ce mini, "Ni dai ban taɓa ganin an binne abu mai girma haka ba a yi masa salla ba." Muka yi dariya.

Gidan man ya yi zamaninsa. Shekarun wahalar mai ne, layin motoci yakan kai har bakin masallacin unguwa, 'yan bumburutu suna zagaye da galan-galan, matan unguwa suna aika fura da dafaffiyar gyaɗa a sayar wa direbobi. Tsakanin gidan man da gidanmu akwai rijiyar da kakana ya haƙa. Daga ita muke sha, daga ita Fulani masu wucewa suke shayar da shanu.

Wa'adin ya cika ba da daɗewa ba bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Alhaji ya riga ya sami wuri a cikin gari, bai nemi ƙari ba. Wata safiya ina ofis ya zo da babbar mota da ma'aikata, suka kwance famfuna, suka cire kwanon rufi da ƙofofi. Baba ne ya ba ni labarin yadda suka rabu. Alhaji ya miƙa masa hannu biyu ya ce, "Malam, ga amanarka nan na dawo maka da ita, Allah ya saka da alheri."

Baba ya ce, "To tankunan fa, Alhaji?"

"Ai babu komai a cikinsu, mun zuƙe tas. Tono su sai da katafila. Bar su kawai, ba za su tambaye ka tuwo ba."

Baba mutum ne mai kunya, ga shi shekara goma ba su taɓa saɓawa ba. Bai kira mai unguwa ba, bai kira liman ba. Suka yi addu'a, motar ta tafi.

Inna ce ta fara lura. Ta ce kokonta ya canja ɗanɗano, ta sauya tulu, ta sauya gero, abin yana nan. Sannan muka fara ganin wani launi yana yawo a saman guga kamar bakan gizo. Rannan wani Bafulatani ya ja ruwa ya zuba a kwami, shanunsa suka sunsuna suka juya. Ya dubi Baba ya ce, "Baffa, ruwan nan ya mutu."

Baba ya ɗauka wani abu ne ya faɗa ciki, rijiyar tana son yasa. Ya aika wa abokinsa na ƙuruciya, mutumin da yasar rijiya ita ce sana'arsa tun yana saurayi. Gajere ne, kakkaura, mai yawan barkwanci. Duk rijiyoyin yankinmu ya san cikinsu, tamu kuwa ya shige ta ba adadi. Idan yana ƙasa ba ya yin shiru, yana aiki yana tsokanar masu riƙe igiya, muryarsa tana fitowa da amo.

Ranar Asabar ce da hantsi, cikin bazara, ina gida. Ni da maƙwabtanmu biyu muka riƙe igiya. Ya ɗaura ta a ƙugu, ya yi bisimilla, ya sauka yana taka ramukan bango. Da ya isa ƙasa ya ɗaga murya, "Kai! Malam, rijiya ka haƙa ko gareji?" Baba ya yi dariya ya ce masa ya yi aikinsa. Ya cika guga da laka muka ja. Muka mayar masa. Sai muka ji ya ce, "Ku ɗan..."

Shi ke nan abin da ya faɗa.

Baba ya kira shi, ya sake kira. Igiyar ta yi nauyi a hannunmu lokaci ɗaya. Muka ja da iya ƙarfinmu, kansa yana bugun bango, har muka fito da shi. Idonsa a buɗe, rigarsa sharkaf, warin fetur ya cika wurin. Muka sa shi a bayan a-kori-kura muka nufi asibiti a Dutse, Baba ya ɗora kansa a cinya yana yi masa fifita da hula. Kafin mu kai duwatsun bakin gari ya cika. Likita ya ce tururin mai ne ya taru a gindin rijiyar ya kore iska, duk wanda ya sauka ba zai daɗe ba.

Liman da Baba ne suka yi masa wanka. Suka wanke, suka sake wankewa, suka sa turare, amma da muka ɗauki makara warin yana fitowa ta cikin likkafani. Kowa ya ji.

Aka rufe bakin rijiyar da itace da ƙaya. Bayan haka ne muka fara jin ƙarar. Da tsakar rana, idan zafi ya kai zafi, sai a ji gum daga ƙarƙashin simintin nan, kamar an bugi ganga a cikin ɗaki rufaffe. Can an jima sai a sake ji. Na san ƙarfe ne yake buɗewa da zafi, wataƙila ma ya daɗe yana yi, ƙarar janareta da motoci ce ta hana mu ji. Na faɗa wa mutane haka. Duk da haka idan ya buga tsikar jikina takan tashi. Mata suka daina bi ta wurin, masu kiwo suka canja hanya.

Da matar mamacin ta fita takaba, sai ta fara zuwa bayan azahar. Takan zauna a gefen simintin ta rufe kanta da mayafi, ba ta kuka. Inna ta je ta kama hannunta ta ce, "Yaya, taso mu shiga ciki, ranar nan za ta illata ki." Ta ce, "Ba tsoro nake ji ba. An ce mini bai ƙarasa maganarsa ba. So nake in ji me zai ce a ɗan yi masa."

Ranar Baba bai ci tuwo ba. Washegari ya ce in raka shi kotu. A shekarar nan mutane suna ta kai tsofaffin ƙorafe-ƙorafensu gaban alƙalai, sai da muka yi ta zarya kafin aka aika wa Alhaji sammaci. Ya zo, kuma da ya ji abin da ya faru ya zauna a ƙasa yana salati, hawaye yana bin gemunsa. Ya rantse bai san tankin yana yoyo ba, kuma na yarda da shi. Alƙali ya bari ya natsu, sannan ya tambaye shi, "Ranar da ka karɓi gonar, akwai tanki a cikinta?"

"Babu, Allah gafarta Malam."

"To ba ka dawo da ita ba tukuna."

Ya umarce shi ya tono tankunan, ya kwashe ƙasar da ta ɓaci, ya kawo sabuwa. Maganar rai kuwa, 'ya'yan mamacin suka ce sun bar wa Allah. Alhaji da kansa ya haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse can nesa, bayan masallaci.

Ranar da katafila ta zo mai unguwa ya hana kowa kunna taba ko hura wuta a kusa. Da aka ɗaga tanki na farko, gindinsa duk tsatsa, da ƙananan huji da yatsa zai shiga. Ƙasar da ke ƙarƙashi baƙa ƙirin, tana naso. Aka yi ta kwasa da tifa. Rijiyar kakana kuma aka cike ta.

Da damina Baba ya yi huɗa a wurin ya shuka gero. Ya fito, ya kai gwiwa, ya yi rawaya, ya tsaya. Shekarar da ta biyo ya gwada wake, haka.

Daga baya wani maƙwabcinmu da ya ba wani mai kananzir hayar filinsa ya zo wurin Baba, nasa wa'adin ya kusa cika. Baba ya riga ya fara ciwon da bai tashi ba, yana kwance a zaure. Baba ya ce masa, "Kada ka karɓi hannunsa sai a gaban mutanen da suka shaida ranar farko. Ku taka iyaka tare. Abin da ya kafa a sama shi ne ƙarami, tambaye shi abin da ya binne, kuma ya fito da shi kana tsaye. Ka ja ruwa ka sunsuna. Kada ka ji kunya irin tawa." Sannan ya ƙara, "Kuma kada ka bar kowa ya sauka."

Da aka zo rabon gado, ƙannena duk suka kauce wa kusurwar nan, ta faɗo a kaina. Masu neman haya sun zo, har da masu sayar da gas na girki, ban ba kowa ba. Ƙanwata ta ce in dasa dogonyaro, tunda shi ba ya zaɓen ƙasa. Na dasa da yawa, kaɗan suka kama. Yanzu sun girma sun yi inuwa mai kyau a bakin titi, inda matafiya suke jiran mota. Sukan tsaya a rana, can gefen kwalta. Ban taɓa ganin wanda ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu ba.