Akwai Gajiya

Bana shekara goma sha biyu ke nan da aka fita da gawar Yaya Garba daga gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ma'aikacin kwana-kwana. Masu karanta wannan shafi ba su san shi ba, sai fa in akwai wanda ya taɓa cirowa daga rijiya ko daga ɗakin da ke ci da wuta, shi ma ba lallai ya riƙe fuskarsa ba. Duk shekara nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, kuma ɗansa Nura ne ya jawo.

Da can babu mai son nama kamar Yaya Garba. Ranar layya shi ke fiɗa, shi ke babbaka kai da ƙafafu a ƙofar gida, yana korar mu wai mata ba su iya wuta ba. Ni kuwa ba na raga masa, sai in ce kai da aikinka kashewa ne, a ina ka koyi hurawa? Ya yi dariya ya miƙo mini kunnen rago don in rufe baki.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, bakin kowa ya buɗe. A teburin mai shayi, a cikin bas, a gidan suna, kowa ya zama masanin siyasa, wanda jiya ba ya iya ɗaga murya yau yana zagin gwamnati da rana tsaka. A wannan shekarar ce aka yi wata gobara a Daurawa. Gida ne mai tagogin ƙarfe, yara na ciki, uwar ta leƙa maƙwabta. Ruwan motar kashe gobara ya ƙare, jama'a suka fusata suka hau jifan ma'aikata. Yaya da abokin aikinsa Istifanus suka fasa ƙofa suka shiga suka fito da yaran a hannu. Babu yaron da ya rayu.

Da ya dawo gida Innarmu ta tare shi a tsakar gida.

"Sannu Garba, ina gajiya?"

"Ba gajiya, Inna."

Ya yi wanka, ya taɓa tuwo kaɗan, washegari ya koma aiki. A garin da kowa ke magana, shi ke nan abin da ya faɗa. Ban raina gaisuwarmu ba, ni da na ƙare rayuwata a firamare ina koya wa yara ita. Amma tambaya ce da ke zuwa da amsarta a ɗaure. Ko dutse ka kwana kana fasawa, "ba gajiya" za ka ce, in ka ce akwai a kalle ka kamar rago ko marar godiyar Allah.

Sai da Babbar Sallah ta zo muka ga alama. An sauko idi, an yi yanka, yara suka hura wuta a lungu. Ƙaurin gashi na tashi, sai Yaya ya ajiye wuƙa ya zagaya bayan gida ya yi ta amai. Inna ta ce iska ce. Aka karɓo rubutu ya sha, aka kawo wani haɗin turare aka ce ya lulluɓa da bargo ya yi hayaƙi. Ku ji fa, mutumin da hayaƙi ya kayar, da hayaƙi za a tashe shi. Ya roƙi Inna ta yafe masa wannan, ta yafe, amma har ta koma ga Allah tana ganin taurin kansa ne ya hana shi warkewa. Daga ranar bai ƙara tsayawa wurin mai tsire ba.

Shekara na zagayowa, ana saukowa idi sai ga Istifanus a kan babur. Mutumin Kudancin Kaduna ne, yana zaune da iyalinsa a Tarauni. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya goya Yaya suka tafi, ba su dawo ba sai gab da magariba. Ranar Kirsimeti kuma Yaya ne ya yi sammako ya ɗauko shi ya kawo shi gidanmu, ya wuni a zaure, ya ce shi tuwo da miyar kuka kawai yake so, kada a sa nama. Haka suka ɗore. Mutanen unguwa suka riƙa nuna su ana cewa ga zumunci, ga zaman lafiya, musamman a shekarun da gari ke ɗaukar zafi. Su kuwa sai su gyaɗa kai su yi godiya.

Hawan jini ne ya ɗauke Yaya, bai kai ga yin ritaya ba. A zaman makoki Istifanus ya aiko a kira ni zaure don ya yi mini ta'aziyya, na samu zarafi na tambaye shi inda suke zuwa duk Sallah.

"Hanyar Zariya muke bi, Malama, sai mun wuce gidaje. Akwai wata tsamiya da iska ba ta kawo ƙauri wurin. Ran Sallah duk Kano babbaka ake yi, ran Kirsimeti kuma maƙwabtana ne ke babbaka akuya. Ni ma hancina irin nasa ne."

"To in kun je me kuke yi?"

"Gaisawa. In ce masa ina gajiya, ya ce akwai. Ya tambaye ni, in ce akwai. Doka ɗaya ce, ba a cewa babu. Wata shekara mu yi ta magana, wata shekara daga akwai ɗin ba ma ƙara komai."

Na yi kuka a ranar fiye da ranar mutuwar. Na ji daɗi da ya samu wurin sauke kayansa, na kuma ji haushi. Wuni biyu a shekara! Sauran kwanakin yana cikinmu, muna cin tuwo tare, yana ce mana ba gajiya.

Nura yanzu direban motar asibiti ne, irin waɗanda ake kira in an yi haɗari a titi. Kamanninsa na uwarsa ne, amma shirun na ubansa. A Babbar Sallar da ta wuce ina kallonsa, ana hura wutar babbaka ya sulale ya fita. Matarsa ta ja ni gefe ta ce ya daina barcin kirki, ya daina ɗaukar 'yarsa, in yarinyar ta yi kuka sai ya bar ɗakin. Na san hanyar nan, na san kuma inda take ƙarewa.

Da ya dawo na tsare shi. Sai ya miƙo mini wayarsa. Ashe akwai wani zaure a intanet na masu aikin ceto: 'yan kwana-kwana, ma'aikatan jinya na sashen gaggawa, direbobi irinsa. Ba a shiga da sunan gaskiya. Wani ya rubuta cewa ƙarar jiniya na bin sa har cikin salla, wata ta ce ta kasa sa jan zane. Akwai likitar ƙwaƙwalwa a ciki mai saka gajerun darussa da murya, yadda za ka ja numfashi in ƙirji ya ɗau bugu, da yadda za ka gane lokacin ajiye waya ka je a gan ka ido da ido.

Na yi ta tunanin me Yaya zai ce da ya ga wannan. Na san dariya zai fara yi, ya ce yanzu waya ce za ta share wa ƙato hawaye? Sannan ya ce a ara masa ya duba wani abu, ya shige ɗaki ya karance tas. Ni ma ban sakankance da waya ba. Ba ta ganin ka rame, ba ta zuwa ƙofar gidanku da babur. Amma ba ta jiran Sallah ko Kirsimeti, kullum a buɗe take, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san abin da jira ya yi wa yayana.

"Kai me ka rubuta a ciki?" na tambayi Nura.

"Karatu kawai nake yi, Gwaggo. Me zan ce? Abin da wasu suka gani ya fi nawa."

Washegari da safe na tari adaidaita sahu sai Tarauni. Istifanus ya tsufa, furfura ta cinye kansa, babur ya daɗe da gagararsa. Ban gama bayani ba ya ɗauki hularsa. Muka tarar da Nura a zauren gida, ya zube ya gaishe shi.

"Nura, ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Ban ji ba. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, wallahi."

"Kada ka rantse. Ubanka bai taɓa yi mini ƙarya a wannan gaisuwar ba, kai ma ba za ka fara ba. Ina gajiya?"

Nura ya sunkuyar da kai. Can sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Akwai, Baba."

Na ja mayafina na shige cikin gida na bar su. Ba su tashi ba sai la'asar.

Bayan 'yan kwanaki ya nuna mini abin da ya rubuta a zauren nasu na waya. Kalma biyu ce: akwai gajiya. A ƙarƙashinta mutanen da bai taɓa gani ba suna ta amsawa, wannan ya ce a nan ma akwai, wancan ya ce sannu ɗan'uwa, faɗa mana. Ya faɗa musu. Daga baya ya je ya ga likita da ƙafarsa. Ba zan ce ya warke ba, har yanzu ba ya cin tsire. Amma ranar Juma'ar nan na gan shi da 'yarsa a wuya tana ja masa kunne.

Yaya Garba bai bar gida nasa na kansa ba, babu titin da ke ɗauke da sunansa, hular ƙarfensa ma an mayar ofis. Abin da ya bari amsar gaisuwa ce da ya karkatar a gindin tsamiya shi da abokinsa, ga ta yau tana yawo a wayoyin mutanen da ba su san ya taɓa rayuwa ba. Allah ya jiƙansa, ya hutar da shi gajiyar da muka kasa tambayarsa da gaske.

Da safiyar Kirsimetin da ta wuce na fito shara, na tarar da Nura yana goge baburinsa a ƙofar gida. Na ce ina zuwa da sassafe haka, ba ka ko karya ba?

"Tarauni, Gwaggo," ya ce. "Yau maƙwabtan Baba Istifanus za su babbake akuya. A ɗora miyar kuka, kada a sa nama."