Yayata da Akuya Mai Suna Biyu

A gyara zama, a kashe waya, ga Yayata nan tafe: sarauniyar kwafi, mai gilashi ɗaure da zare, wadda kwamfuta ke jin takunta ta nutsu. Ni saboda kwafi aka kore ni daga aji. Ita kuwa saboda kwafi aka ba ta ofis da fanka da kujera mai juyawa.

Tun tana ƙarama haka take. In Mama ta aike ta cefane, sai ta maimaita saƙon har Mama ta gaji ta ce ta tafi kafin kasuwa ta tashi. Yanzu tana ma'aikatar da ke lissafin inda ruwan sama zai bi in ya yi yawa. An yanka gari gida-gida kamar allon dara, kowane gida da lambar zurfin ruwansa. Wannan jadawalin su 'yan ofishin matiriks suke ce masa. In kana son sanin inda ruwa zai kai nan gaba, sai ka kwafe jadawalin zuwa sabo, kana karantawa daga tsohon, kana rubutawa a sabon.

Bara ta fitar da taswirar ambaliya, gidan Mama ya fito a bushe ƙayau. Mama ta sa mata albarka, ta sayi fenti, ta fasa komawa ɗakin da Yaya ta daɗe da gyara mata a benen da Yayar ke zaune.

Yaya dai ba ta yi murna ba. Ta ce unguwarmu a kwari take, ruwa kuma bai san gidan uwar kowa ba. Sai ta zana wa kwamfuta fili shimfiɗaɗɗe, ta zuba masa ruwan ƙarya a tsakiya. Maimakon ya bazu daidai ta ko'ina, sai ya karkata gefe guda kamar hular ɗan gayu.

Da ta bi layukan umarnin da ta rubuta wa kwamfuta, ta kama ɓarawon. Ta gaya wa kwamfuta sabon jadawali daidai yake da tsohon, ita kuwa malalaciyar ba ta kwafi komai ba, suna na biyu kawai ta raɗa wa tsohon. Kamar ka sa wa akuyarka suna biyu, ka tafi kana cika baki kana da garke. Duk abin da Yaya ta rubuta a sabon, tsohon take ɓatawa, ruwa yana ta zamewa yana kauce wa unguwarmu.

Ta gyara, kwamfuta ta kwafi lambobin gida-gida zuwa wuri dabam. Taswira ta sake fitowa, gidan Mama shuɗi, alamar ruwa har taga.

Ta fara sanar da shugabanta, sannan ta taho gida. Muna tsakar gida, Mama riƙe da burushin fenti.

“Ba ke kika ce ruwa ba zai zo ba?” in ji Mama.

“Ni ce, Mama. Kuskure na yi, na gyara. Zai zo.”

Mama ta ce ita ba za ta bar gidan mijinta saboda akwatin da ke canza magana ba. Na sa baki na ce a ƙara gwadawa ko akuyar za ta haihu, aka harare ni ta gefe biyu. Yaya ba ta yi musu ba. Washegari ta iso da katifa da 'ya'yanta, ta ce nan za su zauna har damina ta wuce, tunda gidan lafiya lau yake. Mama ta dubi jikokinta, ta dubi bakin kwata, ta ce in nemo mota.

Ruwa ya zo, ya wanke sabon fenti har ƙasan taga. Mama ta kalle shi daga saman benen Yaya tana goye da ƙaramin jikanta.

Na garzaya ofis na gaya wa Yaya zan rubuta tarihinta, duniya ta san wadda ta ceci uwarmu. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Layi ɗaya ne, ni na ɓata, ni na gyara. Matsa, ka tare min fanka.”